Iskar da ke Kumbura Gorar Kunu

Mata da yawa a ƙungiyoyinmu suna dama kunun zaki, su haɗa zoɓo da lemon citta, su kai kasuwa. Kukan da muka fi ji shi ne kunu ya kwana ya yi tsami, gora ta kumbura, ana buɗewa sai ya feso. Kuɗin gero da na sukari sun tafi ke nan.

Ba hannun kowa a ciki. Akwai ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani. Waɗansu su ke kawo tsami. Waɗansu kuwa yis ne, irin na burodi, suna cin sukari su fid da barasa da wata iska, wato kabon dayoksaid. Ita ce ke tashi bisa tukunyar burukutu, ita ce kuma cikin lemon kwalba. Wanda ba ya shan giya sai ya lura, kunun da ya kumbura ya soma ɗaukar barasa, ko da kaɗan ce.

A Amurka da Ingila masu dafa giya a gida tattalin iskar nan suke yi. Sukan zuba abin shan a tulun ƙarfe marar tsatsa mai cin lita 19, su haɗa shi da silindar iska, su bar shi a firiji, sanyi digiri 3 ko 4, mako ɗaya ko biyu, gama ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. Tulun yana da zoben roba 5. In ɗaya ya tsage iska ta zurare, abin sha ya zama lami. Don gano wurin sai su shafa ruwan sabulu, inda kumfa ya taso nan ne yoyon. Yana kuma da ƙofar da ke sakin iska in ta yi yawa. Gorarmu ba ta da ita, shi ya sa ba mu yarda a toshe kunu ko lemon citta cikin kwalbar gilas ba. Takan fashe.

Wankinsu ne ya fi burge mu. Da tulu ya ƙare za su kwance shi su wanke kowane lungu. Mu kuwa ɗauraya kawai mukan yi. Ragowar kunun jiya a gindin jarka da cikin murfi ita ce irin da ke lalata na yau, kamar yadda tsohon nono ke juya sabuwar madara. A wanke nan take da sabulu da ruwa mai ɗumi, a zuba 'yar tsakuwa a girgiza, a ɗauraye, a kife ta bushe. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa gora marar kauri. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa, ba wankin da zai raba ta da dafi.

A dama daidai cinikin yini, a ajiye a inuwa ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Gorar da aka latsa ta ƙi lotsawa, a kau da bakinta daga fuska, a sassauta murfin a hankali.