FASHIN BAƘI: Wuƙar aljihu, abin sha'awa a hannun wani, hujjar kamu a hannun wani

A Kano ko Kaduna, idan aka laluba aljihun matashi aka ga wuƙa, abin da zai fara zuwa ran mutane shi ne daba ko ƙwacen waya. A Amurka da Faransa da Ingila kuwa akwai ɗimbin mutanen da ba sa fita gida sai da 'yar wuƙa mai naɗewa, wasu har tara ta suke yi kamar yadda ake tara tsofaffin kuɗi. Wannan sha'awa tana da tarihi da kasuwa, tana kuma rayuwa ne a kan siririn layin da doka ta ja tsakanin kayan aiki da makami.

Mece ce wuƙar aljihu ta gargajiya?

Wuƙa ce ƙarama da ruwanta ke naɗewa ya shige cikin mariƙinta. Da farce ake jawo ruwan, da hannu biyu, ba da danna wani maɓalli ba. A yawancinsu sifirin ne kawai ke riƙe ruwan idan an buɗe, babu sakatar da ke kulle shi, saboda haka da an tura shi zai rufe. Mariƙin kan zama na itace, ƙashi ko ƙaho. Aikinta fere 'ya'yan itace, yanke igiya, buɗe kwali da fiƙe fensir.

Kowace ƙasa da tata. A Faransa, Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa mai mariƙin itace a yankin Savoie a 1890. A Suwizalan, Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach a 1884, wadda ta zama kamfanin Victorinox mai jar wuƙar nan ta sojojin ƙasar. A Amurka akwai kamfanin Case da ke Bradford a jihar Pennsylvania. Afirka ma tana cikin labarin ta hanyar cinikin mulkin mallaka: Douk-Douk, da ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, ta samu babbar kasuwa a Arewacin Afirka, Okapi kuwa an fara yin ta a Jamus a 1902 domin sayarwa a Afirka, daga baya aikin ƙerarta ya koma Afirka ta Kudu.

Me masu tarawa ke nema?

Abu na farko shi ne tambarin da ke gindin ruwan wuƙar, domin shi ke faɗin maƙeri da zamani. A 1970 kamfanin Case ya sa ɗigo goma a tambarinsa, yana cire ɗaya kowace shekara, ta yadda mai tarawa zai ƙirga ɗigo ya san shekarar da aka yi wuƙarsa. Sai kuma irin ƙarfen. Da yawa sun fi son baƙin ƙarfe mai yin tsatsa a kan wanda ba ya yi, saboda ya fi sauƙin wasawa, kuma launinsa na sauyawa da yawan amfani. Nan masu sha'awar suka rabu biyu: masu adana wuƙa cikin kwalinta don kada darajarta ta faɗi, da masu ganin wuƙar da ba ta taɓa yanka komai ba ta rasa amfaninta.

Inda doka ta ja layi

A Ingila da Wales, sashe na 139 na dokar shari'ar laifuka ta 1988 ya haramta riƙe abu mai kaifi ko tsini a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara huɗu. Amma dokar ta ware wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci uku ba, wato santimita 7.62. Daga baya kotuna, a shari'ar Harris da kuma ta Deegan a 1998, suka yanke cewa wuƙa mai sakata ba ta cikin wannan rangwame, komai ƙanƙantarta.

Sakamakon haka, Opinel mai lamba 8, wadda manoman Faransa ke yanka burodi da cuku da ita, tana buƙatar dalili a titin Landan, domin tana da zoben kullewa da aka ƙara mata a 1955, ruwanta kuma ya kai santimita 8.5. Wuƙar gargajiya marar sakata ita ce ta tsira, abin da ya ƙara mata kasuwa. Dokar ta kuma amince da dalilin sana'a, addini da tufafin gargajiya, kamar wuƙar da mabiya addinin Sikh ke ɗauka.

Siyasar tsaro na iya girgiza sana'ar baki ɗaya. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001 an hana shiga jirgin sama da wuƙa, cinikin wuƙaƙen Suwizalan ya faɗi warwas, har Victorinox ya saye abokin gasarsa Wenger a 2005. A 2024 shugaban kamfanin ya bayyana cewa suna shirin fitar da samfurin da babu ruwan wuƙa a cikinsa, saboda tsaurin dokoki a ƙasashe da dama.

Wa ake kamawa?

Darasi mafi girma ya fito daga New York. Dokar jihar ta 1958 ta haramta wuƙar da ke buɗewa da nauyin kanta ko da wurgi. 'Yan sanda suka riƙa gwada wuƙaƙen aiki na yau da kullum ta hanyar fizgar hannu: idan ta buɗe, ko da bayan gwaji da yawa, an samu laifi. Binciken jaridar Village Voice na 2014 ya ƙiyasta cewa an gurfanar da mutane kusan 60,000 cikin shekara goma, akasarinsu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, da yawa leburori ne da suka sayi wuƙar a shagon kayan gini. Gwamna Andrew Cuomo ya ƙi sa hannu a gyaran dokar har sau biyu. Sai a watan Mayun 2019, bayan wani alƙalin tarayya ya ce gwajin ba shi da tabbataccen ma'auni, aka soke haramcin.

Abin da ya shafe mu

Damuwar jama'a kan sare-saren 'yan daba da ƙwacen waya gaskiya ce, rayuka na salwanta. Sai dai a ƙasar da mahauci, mai tsire, baduku, makiyayi da mai sayar da rake ke yawo da wuƙa domin neman abinci, duk wani samame ko sabuwar doka kan "muggan makamai" na buƙatar amsa tambayoyi uku a rubuce. Wace irin wuƙa aka haramta? Wane dalili ne karɓaɓɓe? Wa ke yanke hukunci a bakin titi?

Ingila ta rubuta tsawo da siffa, ɗan ƙasa zai iya auna wuƙarsa kafin ya fita. New York ta bar ma'aunin a wuyan hannun ɗan sanda, talakawa suka biya farashin shekara da shekaru. Duk majalisar jihar da za ta taɓa wannan batu, ya kamata masu zaɓe su tambaye ta wanne daga cikin hanyoyin biyu ta ɗauka.