Kwana Arba'in na Maijego

A ƙasar Hausa, in mace ta sauka lafiya, ba ta komawa bakin murhu sai ta yi arba'in. In haihuwar fari ce, tun ciki ya tsufa ake mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta.

Da asuba ake hura wutar ruwan wanka, da itacen da maigida ya tara tun kafin haihuwa. Ungozoma ko wata dattijuwa ta tsoma ganyen runhu ko na darbejiya cikin ruwan zafi, ta riƙa fyaɗa wa maijego a jiki, safe da yamma. A gasa wa jariri cibiya, a kawo kunun kanwa da gasasshen nama da yaji. Kafin suna kuma a dafa ƙauri a rarraba wa dangi da maƙwabta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗakin maijego ba ya rabuwa da mutane. 'Yan barka na shigowa: "Sannu da arziki, Allah ya raya." Wannan ta yi shara, waccan ta wanke tsummokara, wata ta karɓi jariri don uwar ta runtsa. Tsohuwa kuwa na gefe tana karantar fuskarta. Ta ci abinci? Nono ya kawo? Me ya sa ta yi shiru tun safe? Damuwar nan da likitoci ke cewa tana kama mata bayan haihuwa, a nan ake fara ganinta, a rarrashi maijego, a kira mijin a ja masa kunne.

Sai dai al'adar na da nata lahani. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Suka danganta hakan da yawan shan kanwa, wadda ke tara ruwa a jiki kamar gishiri, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi.

Iyayenmu mata, don Allah a rage kanwa, a surka ruwan wanka. In ƙafafun maijego sun kumbura ko tana haki, a kai ta asibiti a ranar. Amma kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki.