In Lissafi Ya Gagari Yaro a Sakandare

Duk ƙarshen zangon karatu iyaye sukan zo wurinmu, mu malamai, da takardar sakamako a hannu, rai a ɓace. Yaro ya yi ƙoƙari a sauran darussa, amma lissafi ya sha ƙasa. Uba ya ce wasa ne ya yi yawa. Uwa kuwa ta ce gado ne, ita ma ba ta iya ba.

Damuwarsu tana da dalili. A jarrabawar WAEC da ta NECO sai yaro ya sami C6 ko abin da ya fi kafin a ce yana da kiredit. D7 da E8 ba su kai ba. In kuwa babu kiredit a lissafi, ƙofar koyon likitanci da injiniya da aikin akanta a rufe take.

Abin da muka gani a aji shi ne, yawanci ba a sakandare ciwon ya soma ba. Tun firamare yake, sai yanzu ya fito fili. Ku gwada ɗanku yau da dare. Ku rubuta masa 1/2 + 1/3. Yara da yawa za su tara na sama, su tara na ƙasa, su ce 2/5. To, ku ɗauko mudu ku zuba rabinsa gero, ku tambaye shi, "In na ƙara sulusi a kan wannan, zai ragu ne?" Ai 2/5 bai ma kai rabi ba! Amsar ita ce 5/6, mudu ya kusa cika. Yaron da bai gane wannan ba, ina zai sa kansa ran da malami ya rubuta x/2 + x/3 a allo?

Akwai kuma maganar harshe. Yarinyar da aka ba ta naira 1,000 aka sayi ƙosai na 350, ta mai da canjin 650 ba tare da fensir ba, ba daƙiƙiya ba ce. Sau da yawa Turancin tambayar ne ya ɗaure mata kai. Ku sa ta faɗi tambayar da Hausa tukuna, ku ji ko ta gane abin da ake nema.

Bulala ba ta koyar da sulusi. Malamin lesin ma, in darasin aji kaɗai zai maimaita, asarar kuɗi ce. Ku nemo littafin lissafi na aji 5 na firamare, ko da na ƙanensa ne, ku zauna da shi minti 20 kowace yamma, a fara da jadawalin sau har ya zauna daram. Zai ji kunya, don haka kada a yi a gaban ƙannen. Iyaye mata kuma, muna roƙonku ku daina cewa gado ne a gaban yaro, gama shi izinin ajiye fensir yake ji.