Ƙarfi da Raunin Kundin The Wall na Pink Floyd

The Wall kundin waƙoƙi ne da Pink Floyd, ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila, ta fitar ranar 30 ga Nuwamba, 1979. Faifai biyu ne masu waƙoƙi 26, tsawonsu minti 80 da ɗoriya. Abin da ya raba shi da kundin da aka saba gani shi ne labari guda ya ratsa waƙoƙin duka, kowace waƙa tamkar babi ce a littafi.

Tushen labarin wani abin kunya ne. A 1977, a wani wasa a Montreal ta Kanada, hayaniyar 'yan kallo ta fusata Roger Waters, ɗan ƙungiyar, har ya tofa wa ɗaya daga cikinsu yawu. Daga nan ya fara tunanin katanga tsakanin mawaƙi da jama'arsa. Ya ƙirƙiro Pink, mawaƙin da mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, kamar dai yadda mahaifin Waters ya mutu a Italiya a 1944. Maraici, uwa mai tsare ɗa fiye da kima, malamai masu wulaƙanci, auren da ya lalace, kowanne ya zama tubali, har Pink ya killace kansa ya zauce.

Babban ƙarfin kundin shi ne saƙarsa. Karin kiɗa ɗaya yakan ɓace ya sake ɓullowa da wata siga, ana jin ƙarar jirgin sama, kukan jariri da bugun tarho a tsakanin waƙoƙi, ƙarshen kundin kuma ya koma ya haɗe da farkonsa. Bob Ezrin, wanda ya taimaka wajen shirya aikin, shi ya matsa a sa kiɗa mai motsa ƙafa da muryoyin yara a "Another Brick in the Wall, Part 2". Da yaran makarantar Islington Green ta Landan aka rera ta, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu kuma ta haramta ta a 1980 bayan ɗalibai masu ƙauracewa aji sun mai da ita takensu. "Comfortably Numb", wadda David Gilmour, mai gitar ƙungiyar, ya samar da kiɗanta, har yau gitarsa a cikinta ce mutane suka fi tunawa.

Raunin ma daga labarin ya fito. Waƙoƙi da dama gajeru ne, aikinsu kawai su kai mai sauraro zango na gaba, in an cire su daga jerin ba su da wani armashi. Faifai na biyu yana jan ƙafa, kuma "The Trial" ta fi kama da wasan kwaikwayo. Akwai kuma yawan kukan kai: attajirin mawaƙi ne ke ɗora wa kowa laifi, matan labarin kuwa, uwa da matar aure, ba a ba su wata fuska ba sai ta masu cutarwa.

Mamayar da Waters ya yi wa aikin ta taɓa ƙungiyar kanta, domin ana cikin naɗar kundin ya tilasta wa ɗan ƙungiyar Richard Wright ficewa. Wasan da suka shirya, inda ake gina katanga a gaban makaɗa sannan a rushe ta, tsadarsa ta sa sau 31 kacal aka yi shi tsakanin 1980 da 1981.