Wayar Haƙori da Ciwon Muƙamuƙi

A unguwar Yakasai ta Kano, budurwa mai wushirya ba ta neman likita ya toshe mata ita, domin ado ce, kamar haƙorin Makka a bakin hajiya. Sai dai 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo bakin matasa: ƙananan ƙarafa manne a kan haƙora, an zura musu siririyar waya. Wasu magani suke yi, wasu kuwa gayu ne kawai, a shago aka liƙa musu.

Ta gaskiyar aikin likita ce. Wayar tana matsa haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa ya riƙa zaizayewa, sabo yana tofowa a bayansa, har haƙorin ya gusa kamar milimita ɗaya a wata. Shi ya sa aikin kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye. Bayan an cire, sai an ci gaba da kwana da wata roba mai riƙe haƙoran, in ba haka ba su koma gidan jiya. Ta shago kuwa tana jan haƙori ba lissafi, abinci ya maƙale, dasashi ya kumbura, haƙorin da yake lafiya ya fara girgiɗi.

Tun 1899 wani likitan Amurka, Edward Angle, ya kasa rashin daidaiton cizo gida uku, kuma har yau da rabonsa ake koyarwa: turame sun hau daidai amma na gaba sun cunkushe, ko na sama sun yi gaba, ko kuma na ƙasa sun wuce na sama. Gado yana ciki. Haka ma tsotsar yatsa in ta daɗe, da cire haƙorin yaro kafin lokacin famfara, wanda kan sa na kusa su cinye gurbin mai fitowa.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne muƙamuƙi. Gaɓarsa tana nan daf da ƙofar kunne. Wanda ya ɗora yatsa a wurin ya buɗe baki zai ji tana motsi. Tsakanin ƙasusuwan akwai ɗan faifan guringuntsi, in ya goce sai a ji ƙas. Mutum kan tashi da safe gefen fuska ya yi tsami, ko ya zo asibiti yana cewa, "Likita, kunnena ne," a duba a ga kunne lafiya lau. A 1934 James Costen, wanda likitan kunne ne, ya ɗora laifin a kan yadda haƙora ke haɗuwa, aka shafe shekaru ana goge haƙora ana sa waya da sunan maganin ciwon. Binciken da ya biyo baya bai gaskata hakan ba: alaƙar tana da rauni, waya ba ta cika kawo ciwon ba, ba ta kuma cika warkar da shi ba.

Masu laifin sun fi kusa da gida. Akwai cin haƙora cikin barci, da datse baki saboda damuwa, sannan tauna ba hutu: goro tun safe, cingam, rake, ga kilishi. Mata sun fi fama da ciwon. Maganin farko mai arha ne, wato abinci mai laushi na ɗan lokaci, gashi da ruwan ɗumi, maganin rage zafi, da tallafe haɓa in hamma ta zo. Wani akan yi masa robar barci. Ƙarar da ba ciwo a tare da ita galibi ba ta buƙatar komai.

Wanda ba a wasa da shi shi ne bakin da ya ƙi buɗuwa. Yaron da ya faɗi a kan haɓarsa, ko daga babur, gaɓar na iya karyewa ta haɗe da ƙashin kai, baki ya riƙa tsukewa, haɓa ta daina girma. Cutar noma, mai cin baki da fuska, ita ma tana kulle baki, kuma irin waɗannan yara ake yi wa aiki a asibitin noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Wannan sai tiyata. Mutumin Yakasai ba sai ya yi nisa ba, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori da muƙamuƙi, inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyon aikin. Gwajin gida kuwa, babba ya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. In sun ƙi shiga, ya je a duba shi.