Kansar ƙashi a samari: me likita ke nufi da "shekara biyar"?

Jama'a, akwai wata kansa mai kama ƙashi da ba a cika jin labarinta ba, likitoci na ce mata ostiyosakoma. Ta fi kama yara masu tasowa da samari, kuma yawanci kusa da gwiwa take fitowa, a ƙarshen ƙashin cinya ko saman ƙwauri. Na ɗauko maganar ne don mu a kara, da yaro ya ce ƙafarsa na ciwo sai a ce sa ne ya shure shi, ko targaɗe ya yi wajen sauke shanu daga tirela, a wuce da shi wajen mai ɗori.

Idan likita ya yi maganar shekara biyar, ba wai wa'adi ya yanka wa yaro ba, rai na hannun Allah. Ƙirge ne: cikin waɗanda aka gano cutar a jikinsu, nawa ke raye bayan shekara biyar. A Amurka, idan ba ta bar ƙashin ba, kusan 7 cikin 10 suna kaiwa, da yawa ma sun warke ke nan. Idan ta riga ta bazu, kuma huhu ta fi nufa, ba su kai 3 cikin 10 ba. Kun ga tazarar. Watannin da ake ɓatawa ana ɗori ana shafe-shafe su ke ba ta damar tafiya.

Yanke ƙafa kaɗai kuma ba ya isa. Kafin shekarun 1970, da ake yankewa kawai, wajen 2 cikin 10 ne ke tsira, domin ƙwayoyin cutar sun riga sun bi jini ba a gani. Maganin kemo kafin tiyata da bayanta shi ya ɗaga adadin. Bayan an cire ƙarin, ana duba yawan abin da maganin ya kashe; idan ya kai kashi 90 cikin ɗari, alama ce mai kyau. In an zo da wuri ma, sau da yawa ana iya barin ƙafar.

Ni dai, ciwon ƙashi mai hana barci da dare, ko kumburin da ke ƙaruwa mako bayan mako, ko karaya ba tare da wata faɗuwar kirki ba, ba na mai ɗori ba ne. Akwai asibitin ƙashi na tarayya a Igbobi, Legas, akwai a Enugu. A ɗauki hoton ƙafar, in likita ya ga ƙari, ku tambaye shi hoton ƙirji ma.