ƘARAMAR BINDIGA DA KWANAN MOTA: ABIN DA DOKA TA CE

A kowane dare na Allah akwai mutane masu yawa a ƙasar nan waɗanda mota ce ɗakin kwanansu. Direbobin tirela da na tanka sukan ya da zango a Mararrabar Jos, ko Tafa, ko Tegina, ko Makwa, ko Ogere, ko Ore. 'Yan gwari masu kai tumatir da albasa Ikko ko Fatakwal sukan kwana a kan kayansu. Haka nan dillalan shanu, da 'yan kwangila masu aiki a daji, da masu yawon buɗe ido waɗanda dare kan riska nesa da gari. Kwanan hanya kuwa ba wanda bai san haɗarinsa ba, ga 'yan fashi, ga masu satar mutane. Saboda haka tunani yakan zo wa wasu cewa da za su sami ƙaramar bindiga su tura ƙarƙashin kujera, da sun yi barci da kwanciyar rai.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a fayyace wa jama'a matsayin doka game da haka. A taƙaice, doka ba ta duban inda mutum ya kwana. Abin da take duba shi ne irin bindigar da ke hannunsa, da kuma wanda ya ba shi izinin riƙe ta.

DOKAR DA KE KULA DA BINDIGOGI

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sa sha'anin makamai da harsashi da abubuwa masu fashewa cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Don haka doka ɗaya ce take aiki a jihohi 36 da Abuja, watau Dokar Bindigogi ta 1959, wadda take Babi na F28 a cikin Kundin Dokokin Tarayya na 2004. Direban da ya taso daga Maiduguri zuwa Kalaba ba ya fita daga ƙarƙashinta ko da taku ɗaya.

Wannan doka ta kasa bindigogi kashi uku.

Kashi na ɗaya shi ne na haramtattun bindigogi. A nan aka sa igwa, da roka, da bom, da gurneti, da mashin-gan, da bindigogin soja. A nan kuma aka sa libarba da fistol, watau duk ƙaramar bindigar da ake riƙewa da hannu ɗaya, ko ƙirar waje ce ko ta maƙeran gida, har da wadda ake ɗura wa albarushi. Sashe na 3 ya ce ba wanda zai mallaki ɗaya daga cikinsu, ko ta zauna ƙarƙashin ikonsa, sai da lasin daga Shugaban Ƙasa, shi ma in ya ga dama.

Kashi na biyu shi ne na bindigogin da mutum kan nema don amfanin kansa, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu wadda ba ta ɗura wa kanta harsashi, da bindigar iska. Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ne yake ba da lasin ɗinsu.

Kashi na uku shi ne na bindigogin gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin su adaka da bindigar toka. Sha'aninsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Abin lura a nan shi ne, ƙanƙantar bindiga ba ta rage mata nauyi a idon doka. Fistol da ke shiga aljihu a layi ɗaya take da mashin-gan, domin sauƙin ɓoye ta shi ne babban haɗarinta. Ba Gwamnan jiha, ba Shugaban Ƙaramar Hukuma, ba Hakimi, ba shugaban ƙungiyar direbobi ko ta 'yan banga da ke da ikon ba wani izinin riƙe ta. Duk takardar da ta fito daga irin waɗannan wurare ba ta hana kamu, ba ta kuma hana ɗauri.

MOTA BA TA HALATTA ABIN DA GIDA BAI HALATTA BA

Wasu sukan kawo hujja su ce, ai tun da a mota suke kwana, suke dafa abinci, suke ajiye tufafinsu, to, motar ta zama gida, mutum kuwa yana da ikon tsare gidansa. Wannan magana ta karkace ta fuska biyu.

Da farko, ko a cikin gidan mutum na kansa, a uwar ɗakinsa, ajiye fistol ba da lasin Shugaban Ƙasa ba laifi ne. Dokar ba ta ware gida ba, balle ta ware motar da aka mayar kamar gida. Ko motar tana tafiya, ko an kashe ta an sa mata waigi, ko an kafa tanti a gefenta an shimfiɗa tabarma, hukuncin bai sake ba.

Na biyu, mota ta fi gida sauƙin bincike. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba ɗan sanda ikon tsai da mutum ko mota a wurin da jama'a ke zirga-zirga, ya bincika, muddin yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton akwai haramtaccen abu. Bakin titi, da tashar mota, da filin da manyan motoci ke kwana duk irin waɗannan wurare ne.

WA ZA A TUHUMA?

Kalmomin dokar biyu ne: mallaka, ko kasancewar abu ƙarƙashin ikon mutum. Ba lalle sai an sami bindiga a ƙugun mutum ba. Idan an same ta a aljihun gaban mota, ko a bayan kujera inda direba ke kwanciya, ko a akwatin sifana, ko cikin buhun masara, direba ne za a fara yi wa tambaya, sa'an nan yaron mota da mai kaya. Kotu za ta duba wanda ya san da ita da wanda yake da iko da wurin da aka ɓoye ta. Kafin a kai ga tantance haka kuwa, mota da lodinta suna tsare a caji ofis, in kayan gwari ne sun riga sun ruɓe.

Cewa bindigar ta maigida ce, shi ya ba da ita don tsaron kaya, ba ya wanke direba. Lasin na mutum ɗaya ne, a kan bindiga ɗaya, ba a aronsa, ba a kuma gadonsa. Haka nan ɗaukar ma'aikacin kamfanin gadi ya raka mota ba ya warware matsalar, gama Dokar Kamfanonin Gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga a bakin aiki.

HUKUNCI

Sashe na 27 na Dokar Bindigogi ya yanke ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba ga wanda aka samu da haramtacciyar bindiga ba lasin. Wanda ya ƙera bindiga ba izini, shi ma haka. Wanda aka samu da bindigar kashi na biyu ba lasin, ko da harsashi kaɗai ba bindiga, ana iya ɗaure shi har shekara 5. Datse bakin bindigar farauta don ta yi gajarta ta ɓoyu a mota laifi ne mai zaman kansa.

Bayan wannan akwai Dokar Fashi da Makami ta 1984. Sashe na 3 nata ya tanadi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ko duka biyu, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ta kuma ce wanda aka samu a bainar jama'a da bindiga, ta gaske ko ta bogi, a cikin halin da ke nuna yana shirin fashi, za a ɗaure shi daga shekara 14 zuwa 20. Lalle matafiyi ya yi tunani a kan wannan. Mota a tsaye a bakin daji da tsakar dare, da maza uku a ciki, da fistol ƙarƙashin kujera, abu ne mai wuyar bayani a gaban alƙali, ko da kuwa mutanen kirki ne.

MAI LASIN BINDIGAR FARAUTA

Lasin ba haƙƙi ne da mutum zai ce dole a ba shi ba. Sashe na 6 ya hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta taɓa samu da laifin ta da hankali ko barazanar yin haka cikin shekara 5 da suka wuce. A shekarar 2023 ma Sufeto-Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sababbin lasin, don a rage yawan makamai a hannun jama'a. Mai bukata sai ya fara tambaya a hedkwatar 'yan sanda ta jiharsa.

Wanda yake da lasin bindigar farauta, in tafiya ta kama shi har zai kwana a mota, ga abin da ke kansa:

1. Ya tabbata lasin ɗin bai ƙare ba, yana kuma tare da shi, domin ɗan sanda yana da ikon cewa a nuna masa.
2. Ya sani lasin bindigar farauta ba ya rufe fistol.
3. Tsaron bindigar yana wuyansa a kowane lokaci. Bai kamata ya bar ta a mota a buɗe ya tafi cin abinci ko salla ba, ko ya bar wa yaro ya riƙe.
4. In ta ɓace, ko an sace, ko ta lalace, ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin cikin kwana 14.
5. In mai lasin ya rasu, magadansa kwana 14 doka ta ba su su riƙe bindigar, daga nan sai a miƙa ta ga hukuma.

Shawara kuma ita ce a cire harsashi, a kulle bindigar cikin akwati, a ajiye harsashin dabam. In an zo shingen bincike, a faɗa wa jami'i akwai ta tun kafin ya gano da kansa.

GANDUN DAJI DA KAN IYAKA

Masu zuwa kwanan daji a gandayen Gwamnatin Tarayya, kamar Gashaka-Gumti, da Tafkin Kainji, da Okomu, su sani dokar gandayen ta 1999 ta hana shiga da makami sai da izinin hukumar gandun, ko da mutum yana da lasin 'yan sanda. Haka kuma lasin Nijeriya ba ya aiki a wata ƙasa. Fita da bindiga ko shigowa da ita yana bukatar izini na musamman, ta mashigar da doka ta ayyana. Direban da ya ƙetare da ita zuwa Nijar, ko Kamaru, ko Binin, ya karya dokar ƙasa biyu a tafiya ɗaya.

ABIN DA AKE GANI A AMURKA

Wasu a finafinai suke ganin mutanen Amurka suna yawo da motoci masu gado da kicin, da bindigarsu a ciki, sai su ɗauka haka abin yake ko'ina. Tsarinsu dabam ne. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ba 'yan ƙasa damar mallakar makami, abin da babu kamarsa a Tsarin Mulkin Nijeriya. Duk da haka kowace jiha cikin 50 tana da tata doka, abin da ya halatta a wata yakan kai mutum kurkuku a maƙwabciyarta. Dokar tarayyarsu ta 1986 ta kare mai ratsa jihohi ne kawai in bindigar ba harsashi a cikinta, tana kuma inda hannu ba ya kai mata daga mazaunin fasinja. A 1985 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa motar kwana da ke tsaye a filin ajiye motoci, wadda za a iya tayarwa nan take, mota ce wajen bincike, ba gida ba. Baƙon da ya shiga ƙasar da bizar ziyara ko ta karatu kuwa an hana shi riƙe bindiga, sai a 'yan wurare kaɗan da doka ta keɓe.

KARE KAI

Doka ba ta ce mutum ya naɗe hannu a kashe shi ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulki, da kundin dokokin laifuka na jihohin Arewa da na Kudu, duk sun yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa gwargwadon larura. Amma kare kai magana ce dabam, lasin kuma magana dabam. Ana iya wanke mutum a kan ta farko, a ɗaure shi a kan ta biyu. Ga shi kuma 'yan fashi a ƙungiya suke zuwa, da manyan makamai. Mutum ɗaya da aka tasa daga barci da fistol a hannu ya fi kusa da jawo wa kansa da yaransa ruwan harsashi. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA YI

1. Ya tsara tafiyarsa yadda dare zai same shi a gari ko a sanannen zango mai haske da jama'a.
2. Ya bi ayarin 'yan'uwansa direbobi, kada ya ware shi kaɗai a daji.
3. Ya bincika motarsa da kansa kafin ya tashi, kada kuma ya karɓi ƙunshin saƙon da bai ga cikinsa ba.
4. In mota ta lalace ko an ga alamar haɗari, a kira lamba 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra.
5. In kaya masu tsada ne, a nemi rakiyar 'yan sanda ta hanyar da aka tsara.

Wanda ya riga yana da ƙaramar bindiga ba lasin, ko ya gada ko ya tsinta, kada ya sa ta a mota ya kama hanya. Ya nemi shawarar lauya, a sanar da 'yan sanda ko Cibiyar Ƙasa ta Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021, a shirya yadda za a miƙa ta. Wanda aka kama kuma yana da ikon yin shiru har ya ga lauya. In ba shi da halin ɗauka, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da Gwamnatin Tarayya ta kafa tun 1976.

Ana roƙon shugabannin ƙungiyoyin direbobi, da sarakunan tasha, da masu motoci, su karanta wa mutanensu wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Rashin sanin doka ba hujja ba ne a gaban alƙali. In kunne ya ji, jiki ya tsira.